Kan Iya Kuluwa Ya Shiga Intanet

Wata tsohuwa ce a Kura, Iya Kuluwa, irinmu ce sak. Ko sunanta aka rubuta da gawayi a bango, wucewa za ta yi ba ta gane ba. Amma in ana zancen basira, cewa take Allah ya raba ta gida biyu, rabi nata, rabi na sauran mutanen gari. Shekara arba'in tana turara shinkafa, kuma ba ta taɓa yin kuskure ba, sai dai itace ya yi, ko tukunya.

Tana da jika, Rumasa'u, da ke aiki da masu binciken ƙwaƙwalwa a birni. Ita ta zo ta ce akwai wani rumbu a intanet inda masana ke zuba hotunan ƙwaƙwalwa, kowa ya ɗiba ya yi nazari, amma na tsofaffinmu sun yi kaɗan. Iya ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Aka zura ta cikin wani inji mai kama da turmi a kwance, ya yi ta ƙwam-ƙwam-ƙwam a kanta rabin awa.

"Iya, ba a sa suna fa," in ji Rumasa'u. "Lamba kawai ake bai wa kowa. Ko ni ba zan gane naki ba."

Wannan ta bayan kunnen Iya ya bi. Abin da ya shiga ɗaya ne: masanan duniya za su kalli kanta.

To, daidai lokacin ne matan ƙungiyar shinkafa za su zaɓi uwar ƙungiya, mai riƙe makullin sito. Mutum biyu ke nema, Iya da Hajiya Tabawa. Iya ta shiga gida-gida. Ran Litinin ta ce likitoci goma ne suka kalli kanta. Kafin Alhamis sun kai dubu, har wani Bature ya suma.

"Ke kuwa Tabawa," ta ce mata a bakin rijiya, "wa ya taɓa neman kanki, in ba wanzami ba, ranar ƙaho?"

"Yaya Kuluwa, gani ya kori ji. A nuna mana."

"Za ki gani har ki ƙoshi!"

Ran Asabar da hantsi mata suka cika tsakar gida, makulli na kan faifai. Aka kira Rumasa'u, ta zo da kwamfuta tana jan ƙafa.

"Iya, na gaya miki ba suna," ta raɗa mata.

"Rufe min baki, ja'ira. Akuya ma ta san ɗanta a garke, balle ni da kan da na ɗauka shekara saba'in. Buɗe!"

Ta buɗe. Hotuna reras, toka-toka, duk sun yamutse kamar hanjin rago. Iya ta ga ba wanda ya yi kama da abin da zai sumar da Bature. Amma ta dake.

"Wuce. Wannan na malalaciya ne. Wuce. Kai, wannan tsegumi ya cinye shi. Tabawa, leƙo, ko naki ne?"

Mata suka yi dariya. Iya ta ji daɗi, ta ture hannun jikarta, ta shiga dangwalar na'urar da kanta, tana danna duk inda yatsa ya faɗa. Can sai ga wani ya cika fuskar kwamfutar fal. Sumul, ba ko tamoji, ga kore ga ja ga shuɗi, yana juyawa a hankali kamar amarya na nuna atamfa.

"Tsaya! Ga ni nan!"

"Iya…"

"Na ce ga ni! Ku duba, jama'a. Santsi kamar ƙwai. Kan da ba ya ajiye ƙulli ke nan. Koren nan tsoron Allah ne. Jan nan zuciyar gidanmu ce, wajen babana na gado ta."

Rumasa'u ta ja mata gefen zane. Iya ta make hannun, tas!

Wata mata ta nuna wasu ƙululu biyu a gaba. "Iya, waɗannan fa?"

Iya ta juya ga jikarta. "Ke mai boko, faɗa musu aikinsu."

"Na… na jin ƙamshi ne. Amma Iya…"

"Kun ji ko? Ni da nake shinshina tururi daga zaure in ce a sauke tukunya! Na rantse da kabarin uwata, in ba kaina ba ne wannan, kada ku ba ni ko igiyar buhu."

Guɗa ta tashi, ayyururui! Har an fara turo faifai wajenta. Da Iya ta tsaya nan, da ta ci. Amma mu, in tuwo ya yi daɗi, sai mun lashe har ƙwarya ta fashe. Ta hango rubutu a ƙasan hoton.

"Ga yabon da Turawa suka rubuta. Karanta musu. Da ƙarfi, kada ki rage ko wasali."

"Iya, don Allah, a gida."

"In ba ki karanta ba, ban yafe goyon da na yi miki ba!"

Rumasa'u ta share gumi, ta karanta.

"Ƙwaƙwalwar ɓera. Namiji. Ɗan mako takwas."

Har kaza ta daina tono.

"Ɓera wane iri?" in ji Iya. "Wannan ƙaton?"

"Faɗaɗa hoton aka yi, Iya. Ainihinta ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ke kika danna ɓangaren dabbobi. Masu tamojin nan da kika zaga su ne na mutane, naki ma yana ciki."

Wata ta fara "ƙit", wata ta toshe baki da mayafi, sai gidan ya ɓarke. Masu birgima na yi, masu riƙe ciki na yi. Iya ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga haɓa.

"To me? Shi ma ɓera ai wayo gare shi."

Tabawa ta miƙa hannu, ta ɗauke makullin daga kan faifai, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ƙwarai kuwa, Yaya Kuluwa. Shi ya sa ba a ba shi makullin sito."