Kunnen Tanimu da Jitar Iliya

Wani mutum ne a Barnawa ta Kaduna, sunansa Tanimu, bakinsa ya fi hannunsa aiki. In ana hirar kiɗa, to kowa ya yi shiru. Wai shi ko sauro ne ya yi kuka, sai ya gaya maka inda muryarsa ta kauce. Wai a Legas layi makaɗa ke yi ya saita musu sauti. Wa ya gani? Oho.

Rannan ya ji ƙungiyar Saratu mawaƙiya za ta je wasa Yamai, saura kujera ɗaya a mota, ta mai saita sauti. Mutuminka kuwa bai taɓa tsallake iyaka ba, sai ya ƙwallafa rai. Da hantsi sai ga shi a garejin gidan su Iliya mai jita, inda suke gwaji.

Saratu ta ce, "Jitar nan ce damuwarmu. Muna so ta fita garau, da laushi, irin ta kiɗan rok mai sanyin nan. Ita kuwa sai ƙara, kamar ana kankare tukunya. In ka gyara, kujera taka ce."

"Wannan ne aikin? Ku ba ni wuri."

Amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, biyu ce a garejin, wata 'yar mitsitsiya a ƙasa, wata ƙatuwa baƙa a jikin bango. Ƙaramar ko kallo ba ta ishe shi ba, sai ya nufi ƙatuwar.

Iliya ya ce, "Yaya Tanimu, ai waccan..."

"Kai dai kaɗa! Tun kana rarrafe nake wannan sana'a."

Iliya ya kaɗa. Ƙyarrr! Tanimu ya runtse ido, ya murɗa maɓalli ƙiris. "Na rage kaifin. Sake." Ƙyarrr! Ya ciji leɓe, ya murɗa wani. "Na ƙara nauyin. Sake."

Haka aka yi ta yi har Iliya ya gaji, ya yar da 'yar robar kaɗawa, ya koma shafa tsirkiya da babban yatsa. Sai ga sauti ya fito luƙui, gwanin daɗi.

"Kun ji? Kun ji zuma?" in ji Tanimu. "Saratu, ni gefen taga nake zama!" Ya ɗaga hannu ya daki kan amfilifayar, bam!

Kwat-kwat-kwaaat! Wata jar kaza ta yi tsalle daga bayan akwatin, gashi na tashi, ta dira a kan hularsa. Ya leƙa ciki. Ba waya, ba sifika, sai ƙwai tara a kan tsumma.

Daga cikin gida mahaifiyar Iliya ta ƙwala kira, "Wane mara aikin yi ne ya tasar min da kaza?"

Tanimu ya gyara hularsa. "Amma... ai sauti ya canza."

Saratu ta share hawayen dariya ta ce, "Ya canza kam. Sai dai kazar nan kwananta goma sha takwas a cikin akwatin nan, Yaya Tanimu, ba ta taɓa cewa a ba ta kujerar Yamai ba."