Jar Kazar Ɗantala

A zaman makokin yayana Ɗantala, Allah ya jiƙansa, wani ya tuno da jar kazarsa, sai ga masu share hawaye sun koma riƙe ciki don dariya.

Ɗantala dai ya shiga wata gonar kaji a birni, ya ga jajayen nan na gidan gona masu saka jan ƙwai kullum ba fashi. Ya sayi ɗaya, ya rungumo ta a mota kamar jaririya. Yana isa gida ya dubi kajin Hausa na matarsa Tabawa, ya ce waɗannan 'yan tonon bola za su ɓata wa baƙuwa tarbiyya. Ɗaya bayan ɗaya ya sa musu wuƙa ya cinye da tuwo, Tabawa na kallo. Ya aro zakara a maƙwabta, sannan ya fita majalisa ya rabar da 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba. Liman da nasa, mai unguwa da nasa, surukinsa kuwa cewa ya yi da shi ya fara ginin akurki.

Kaza ta yi ta zuba ƙwai har ƙwarya ta cika, ya hana kowa soya ko ɗaya. Amma kwanci, ko alama. Ya shimfiɗa mata ƙaiƙayi, ta tsallake. Ya kifa mata kwando, ta saka wani ƙwan a ciki ta tsaya a tsaye. Har dannewa ya yi da hannu yana lallashi, "Haba Hajiya, 'ya'yanki ne fa." Yana saki ta kakkaɓe jiki ta nufi abinci. Ga suruki ya gama akurki har ya yi masa ƙofa, kullum sai ya aiko a ji labari. Ɗantala ya daina bi ta majalisa, sai ta bayan masallaci.

Da abin ya ishe shi ya kira mai gonar a waya, ya buɗe murya, Tabawa na gefe tana tankaɗe.

"Alhaji, kazar nan taka ba ta da imani. Ta saka ta watsar."

Mai gona ya yi dariya ya ce, "Malam Ɗantala, ai irin wannan ba ta kwanci. Ita kanta inji ne ya ƙyanƙyashe ta, ba ta taɓa ganin uwa ba. Ka zuba wa kazar Hausa ƙwan, ita za ta kwanta maka."

Ɗantala ya kashe waya, ya dubi tsakar gida wayam. Ya sassauta murya ya ce, "Tabawa, yanzu ina za mu samu masu kwanci?"

Ko ɗago kai ba ta yi daga rariya ba, ta ce, "Malam, ai ba su yi nisa ba, duk suna cikinka. Je ka hau ƙwan, ni zan riƙa miƙo maka tsaba."