Rasuwar Ɗan Girgije na Istudiyo Salih

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kwamfuta mai gudun da ban san abin da zan yi da shi ba, ni Salih Almu, mai ɗaukar hoto a bakin kasuwar Wad Haddad, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan da Rufa'a da Managil rasuwar Ɗan Girgije, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a gaban shaidu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne ɗan farin girgijen nan da ke zaune a kusurwar fuskar kwamfutata, can ƙasa kusa da agogo, da 'yar kibiya tana juyawa a cikinsa. Bai fi ƙwayar dawa girma ba. Tare ya zo da manhajar da nake gyaran hoto da ita, aikinsa ya kwashi hotuna ya kai ajiya a intanet, ya ɗebo na can ya kawo nan. Ɗiyata ta fari ce ta buɗe shi da sunanta, ta haɗa shi da wayarta, zamanin da take taya ni aiki a shago. Daga baya ta auri Sulaiman, yaƙi ya iso Jazira, suka bi ayari zuwa Bur Sudan. Ta manta ba ta raba wayarta da shi ba. Shi kuwa bai manta ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Lokacin da shabaka, wato hanyar intanet, ta yanke wata da watanni, gari ya watse, layin kasuwa ya zama sai ni sai awaki, kullum na kunna kwamfuta da ɗan hasken sola zan tarar da shi yana juya kibiyarsa, yana neman hanya. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ni da shi muka yi zaman jiran nan. Ranar da shabaka ta dawo, ina sharar ƙofa na ji muryarsa daga ciki: tilin. Sai kuma tilin, tilin, tilin, kamar wanda ya daɗe da magana a baki. Na jefar da tsintsiya. A ranar na ga cikin ɗiyata ya girma, na ga ta haihu, na ga ragon suna, duk kafin shayina ya huce. A bakin marigayin na fara sanin fuskar jikana Abdulmuttalib.

Kuma mai gaskiya ne, abin da ni ban isa in yi taƙama da shi ba. Sana'ata ita ce share ƙuraje, da cike kumatu, da tsayar da manomin da bai taɓa barin hawasharsa ba, wato gonarsa, a bakin teku. Marigayin bai taɓa gyara hoto ko ɗaya ba. In ɗiyata ta kira ni takan ce, "Yaba, wallahi muna tamam, kada ka sa komai a ranka." Sai ta turo hoto tana murmushi a jikin bango mai fenti. Da la'asar shi kuma sai ya kawo sauran: rufin ɗaki yana yoyo, wanda yatsa ya ɗauka bisa kuskure, da butocin shayin da take sayarwa a jere a gefen titi, da hannunta riƙe da yaro, hannun sanye da awarwaron mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, da hannun nan dai bayan wata biyu, babu awarwaro. Ranar na ɗora wa direban lori buhun dawa na ce ya ce mata rara ce ta yi mini yawa. Har yau ba ta san yadda na sani ba.

Ba a ɓoye halin mamaci gaba ɗaya. Marigayin yana da ci. Shi da danginsa, wasu ƙananan ma'aikata da ke ɓoye a bayan fage, masu leƙa intanet ba wanda ya aike su, sun cinye ƙarfin kwamfutar tas. In na taɓa goshin amarya sai fankar kwamfutar ta kama huci, fuuuu, in je in ɗora shayi in dawo goshin bai motsa ba. Da kasuwa take shiru ban damu ba. Amma mutane suka dawo gida, aka girbe dawa, bukukuwan da yaƙi ya ɗage suka taso gaba ɗaya, shago ya cika.

Ranar Talatar, Hajiya Intisar, uwar amarya, ta zo karo na ban san adadi ba, ta zauna a kan bencina da ƙawayenta.

"Ya Salih," ta ce, "hoton biki muka ce ka yi mana. Ko so kake ka haɗa da na suna?"

Matan suka kwashe da dariya. A daidai nan Attahiru ya leƙo, mai gyaran na'urori na Managil, ya zo gaisuwa. Ya ji hucin fanka, ya ja kujera, ya buɗe jerin masu aiki a ɓoye.

"Ya ammi, ai gidanka cike yake da baƙi. Suna cin tuwonka ba sa kai maka ruwa gona. Bari in sallame su."

Ya sallami na farko, ya sallami na biyu, fanka ta fara sassauta murya. Sai ya iso kan marigayin. Ya karanto sunan da ke jikinsa da ƙarfi, kowa na ji.

"Wannan shi ne babban ɓarawon. Kana da wata buƙata da shi?"

Jama'a, kun san mu. Ɗiyar fari ce. Tun ranar da aka haife ta bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, yadda mahaifina bai taɓa kiran nawa ba. Ga mata cike da benci sun zuba mini ido. In ce me? In ce dattijo da furfura yana zaman jiran hoton 'yarsa kamar yaro?

Na ce, "A'a. Ba komai ba ne."

Ya danna. Marigayin bai yi ko tari ba.

Attahiru ba shi da laifi, aikinsa ya yi, kuma ya yi kyau. Yanzu kafin in ɗaga yatsa manhaja ta buɗe. Hajiya Intisar ta karɓi hotunanta kafin azahar tana sa albarka. Aikin mako na gama shi a yini. Daga nan sai in zauna. Da na koma wurin Attahiru a keɓe, ya ce maido shi abu ne mai sauƙi, kalmar sirri kawai ake so. Kalmar sirrin kuwa tana wurin mai sunan.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta ɗaya mai ƙoshin lafiya, da fankar da ta daina magana, da tsoho ɗaya da har yanzu yake waiwayawa in cokali ya bugi kofi. Ya kuma bar hoto guda da ajali ya riske shi yana cikin kawowa. Rabin sama ya iso: Abdulmuttalib a tsaye, ya saki bakin angarib, gadon nan na igiya, hannuwa a sama, baki buɗe. Daga cibiya zuwa ƙasa toka-toka ne. Ban sani ba ko ya taka, ko ya faɗi. Da gudun da kwamfutar ke yi yanzu zan iya zana masa ƙafafu kafin a idar da alwala. Na buɗe hoton ya fi a ƙirga. Ban zana ba.

Ba za a yi wanka ko sallah ba, don ba a samu gawa ba. Za a shimfiɗa tabarmar makoki a rakuba, rumfar gaban shago, daga gobe har Juma'a, bayan la'asar. Kada kowa ya wahalar da kansa da sukari ko ganyen shayi, akwai. Mai son yi wa mamacin sadaka, ya tura wannan sanarwa ga duk wani nasa da ke Bur Sudan, har ta kai inda za ta kai.

In ta kai: Khadijat. Ga shi na rubuta, kowa ya gani. Ba kalmar sirri nake nema ba, riƙe abarki. Ki daina tsayawa a jikin bangon nan mai fenti. Ki turo mini ƙafafun yaron.