Anaruwa da Jan Fentin Jirgi

A Tungar Bawa, bakin kogin Kwara, akwai wani mutum mai suna Anaruwa. Ƙato ne, ga ƙarfi kamar ingarma, sai dai in ka aike shi, to ka auna maganarka, don yadda ka faɗa haka zai yi, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da matarsa Lantana a gidan wansa Cindo. Abin da gidan ke ci da shi guda ne, jirgin katako da ubansu ya bar musu, wanda suke fiton 'yan kasuwa da shi zuwa Yawuri. Cindo ke riƙe inji, Anaruwa ke kwalfe ruwa. Duk duniya ba abin da yake so kamar jirgin nan, ba kuma abin da yake tsoro kamar ranar da za a ce ya sauka daga cikinsa.

Wata rana jirgi ya yi nauyi, inji na ta kuka amma tafiya kamar ta hawainiya. Aka jawo shi tudu aka kife, sai ga gansakuka da ƙananan katantanwa sun yi wa gindinsa riga. Cindo ya miƙa masa ƙarfen kankara ya ce, "Duk abin da ya manne a jikin katakon nan, kankare shi." Ya tafi Yawuri sayen fenti. Anaruwa ya kankare gansakuka, ya kankare katantanwa, ya bi kwalta da tsumman da aka toshe tsaga da su, ya ɓamɓare facin kwano guda tara. Da Cindo ya dawo ya leƙa ƙarƙashi, sai ya hango rana ta cikin jirginsa.

"Anaruwa, ina facin?"

"Sun fi kowa mannewa, Yaya. Sai da na sa guduma."

Kwana huɗu aka yi ana toshiya.

Wata rana Cindo ya buɗe gwangwanin jan fenti mai wari, irin wanda ake shafa wa gindin jirgi don kada wani abu mai rai ya kama shi. Ya ce, "Magani ne a ciki, ka kula. Shafa duk inda ruwa ke taɓawa." Anaruwa ya ce an gama. Ya fara da gindin jirgi, ya shafa wa filafilin tuƙi, ya shafa wa ƙwaryar kwalfa, sannan ya ɗauki gwangwani ya nufi gida. Lantana ta dawo daga kogi ta tarar da randarta ja wur ciki da waje, har da moɗa.

"Na shiga uku! Kashe mu za ka yi?"

"Ke dai ba za ki ƙara ganin gansakuka a randar nan ba."

Gaskiya ya faɗa, don a ranar aka fasa ta. Fenti kuwa ya tafi rabi, abin da ya rage bai hau jikin jirgi yadda Cindo ya so ba. Ja ya tsaya can ƙasa, saura taƙi biyu na farin katako zuwa baki.

Wata rana, fenti bai gama bushewa ba, Cindo ya ce ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Da azahar hadari ya haɗo. Anaruwa ya hau ɗakinsa ya kwance kwanon rufi falle-falle, ya lulluɓe jirgi tsaf. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jirgi bai jiƙa ba, amma katifar Lantana sai da ta yi mako a rana. Nan haƙurin Cindo ya ƙare. Ya kama hannunsa ya ɗora a kan iyakar jan fenti ya ce, "Ka ga inda ɓarnarka ta tsayar da mu? Ranar da ruwa ya haura jan nan ya taɓa farin katako, ka bar jirgin nan ke nan, ka je ka yi noma." Maganar ta soki Anaruwa har zuci, ko tuwo bai iya ci ba.

Wata rana, ranar kasuwa, aka yi ta lodi: buhunan albasa, babura uku, awaki, mutane kuwa har kan kaya. Anaruwa na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, idonsa a kan ja. Da ja ya nutse, sai ya zare tiyon man inji ya cusa a aljihu, ya shiga sauke buhuna.

Wani Alhaji mai albasa ya daka tsawa, "Kai, mahaukaci! Albasata ce!"

"Taka ce, Alhaji, amma ruwa ya haura ja."

Cindo ya yi lallashi, ya yi zagi, a banza. Wa zai ƙwaci tiyo a hannun ƙato? Sai da buhu ashirin da babura biyu suka sauka, ja ya leƙo, sannan ya mayar da tiyon. Masu kayan suka kwashe suka zuba a jirgin maƙwabta suna tsinuwa.

A tsakiyar kogi iska ta taso. Igiyar ruwa ta yi ta marin jirgi tana komawa, ba ta samu bakin shiga ba. Jirgin maƙwabta kuwa ruwa ya fara zuba ciki, sai da suka watsar da albasa da babura, aka ja mutanen zuwa jirgin Cindo, kafin a kai gaci da rai. Alhajin albasa ya sauka yana rawar sanyi.

Anaruwa ya zo gaban wansa, ido cike da ƙwalla.

"Yaya, igiyar ruwa ta taɓa farin katako sau goma sha ɗaya, na ƙirga. In ɗauki ƙwaryata in tafi?"

Cindo ya nufi inji. Sannan ya zare tiyon mai da hannunsa, ya sa masa a aljihu.

"Riƙe wannan. Daga yau ba mai tayar da injin nan sai ka ga ja."