Hannun da Cleophus Ya Ɗaga

A garinmu Tallow Bend, idan ka ga mutum ya ɗaga hannu sama da kansa yana kaɗawa a ƙofar coci ko a gidan mai, ba sai ka waiga ba, Cleophus Tate ne ke wucewa. Abin ya samo asali tun yana ɗan sakandare, a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, irin wanda ake runguma a gudu da shi, da garin Coker. Shi aka ajiye a baya don ya cafke ƙwallon da 'yan Coker suka daka sama. Ƙwallo na iska sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya mai rigar ruwan ɗorawa a cikin 'yan kallo, ya ɗaga mata hannu. Sannan ya cafke ƙwallo, ya rungume a ƙirji, ya ratsa 'yan Coker kamar ana buɗe masa hanya, har layin ci. Ashe buɗe masa hanyar ake yi. Ko jariri a nan ya san dokar: mai jiran ƙwallo in ya kaɗa hannu a sama, ya ce ke nan kada a taɓa ni, ni ma ba zan gudu ba, a nan na tsaya. Cleophus na can ƙarshen fili yana rawa, alƙalin wasa na nan yana busa usur. Aka soke cin, kofi ya tafi Coker, shi kuma sunansa ya koma Mai Gaisuwa. Yau ya haura saba'in, sunan bai tsufa ba.

Bana jikansa Dontrell ne ke tsayawa a wannan gurbi na baya, kuma shi ne ke gudu da ƙwallo, shi ne ke cafkewa, saura kaɗan a ce shi zai share fili. Ƙungiyarmu, Shahuna, ba ta ci wasa ko ɗaya ba tun da aka fara cirar auduga. Ranar Laraba da la'asar ina barandar Cleophus ina taya shi gyaran tarwaɗa, shi yana kujerarsa mai lilo yana ba ni umarni, sai ga Dontrell ya sauko daga akori-kurar kakansa da 'yar leda a hannu da baƙin tabarau a ido.

"... lafiya lau, Kawu Wendell, ya aiki? A'a, Tsoho, har yanzu kana nan? Na ɗauka kafin in dawo masu akwatin gawa sun zo auna ka."

Cleophus ya ce, "Ina nan daram. Na yi alkawari ba zan tafi ba sai na ga Shahuna sun ci wasa. Ka ga ke nan ni zan binne ka."

"Mu dai a yi a gama. Matan coci sun daɗe ba su soya mana kajin zaman makoki ba."

"In kaji kake so je ka filinku, suna can cike da hular kwano. Wai Shahuna. Shahon da tsako ke kora."

"Ai ciwo ne ya gama da mu, kai ma ka sani. Mai jefa mana ƙwallo ƙashin kafaɗa ya karye. Marquell gwiwa. Tagwayen gidan Pettway, ɗaya idon sawu..."

"Ɗayan kuma tausayin ɗan'uwansa."

"Cinya ce ta tsage masa."

"Wannan yaron da ke jefa muku ƙwallo yanzu fa, ina kuka samo shi? Ba shi ne mai kaɗa ganga ba?"

"Koci Weems ya ce yana da hannu."

"Yana da shi har biyu, na gani. Ranar Juma'a ya jefa ɗaya tilo da aka cafke, kuma mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ce ta cafke. Da ni ne Koci, ita zan ba riga."

Dontrell ya yi dariya, amma na lura ya katse ta a tsakiya, ya dafa ƙarfen baranda.

"Tsoho, kai da za ka yi shiru a maganar ƙwallo. Mu ko ba mu ci ba, ba mu taɓa gaishe da 'yan kallo ba."

"Ku wa zai zo ku gaisar? Benci ne kawai ke kallonku. Miƙo aikena, mai ya kusa zafi."

Ya miƙa ledar. Cleophus ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya zazzage ta a cinya. Ƙunshin alewar na'a-na'a ce guda, mai jan zane da fari.

"Wendell, me na aiki wannan bawan Allah ya sayo?"

Na ce, "Garin masara da madara mai tsami."

"To ga shi. Yau tarwaɗa da alewa za mu soya. Sabon girki ne daga birni?"

"Ya ƙare a kantin," in ji Dontrell.

"Garin masara ya ƙare a Tallow Bend. To tashin duniya ya zo, Wendell, je ka kira Fasto."

"Haƙoranka nake tausayi. Alewa tsotsa ake yi, ba sai ka cire su daga kofi ba."

"Haƙorana na kanti ne, na yarda, amma suna tuna aikinsu. Kai wannan tabarau fa? Rana ta faɗa bayan injin gurzar auduga tun ɗazu. Ko ka zama tauraro ba a gaya mana ba?"

"Ƙyallin sanƙonka ne ke kashe min ido."

"Cire in ga munin da na gadar maka."

Bai cire ba. Ya zauna a matakala ya ba mu baya. Ni dai na ci gaba da yanka kifi, don na ga inda tsohon ya nufa. Ranar Juma'ar da ta wuce duk muna fili lokacin da wani ƙaton yaro ya haɗa hular kwanonsa da ta Dontrell, ƙarar har wajen masu sayar da tikiti. Ya tashi da kansa, aka yi ta tafi, sai dai bencin abokan karawarmu ya nufa kafin wani ya juyo da shi. Washegarin wannan Larabar kuma Mis Odom, ma'aikaciyar jinyar ƙungiya, za ta zaunar da shi ta tambaye shi yadda kansa yake. Abin da ya faɗa mata shi zai sa ya shiga wasan Coker ranar Juma'a ko ya zauna.

Cleophus ya ɓare alewa ɗaya, ya juya ta a yatsa.

"Ka san wa ke aiken ka wannan?"

"Matata."

"Matarka a ina? Ni na kai ta coci, kai ko majina ba ka iya sharewa ba."

"Ni ta fi so. Ta gaya min. Ta ce kai haƙuri kawai take yi."

"Kakarka Vernell ta yi shekara biyu a maƙabarta, abokina. Ita ce mai aiken alewa. Ni garin masara na ce."

Dontrell ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na shiga kantin, na tsaya. Na san an aike ni. Na yi ta kallon kaya. Abin da ya zo min kawai shi ne Kaka tana cewa mai jan zane, ba kore ba."

"Sai ka kira ni a waya."

"In ba ka abin dariyar shekara?"

"Ai ka kawo min shi har gida, a leda."

"Gajiya ce kawai, Tsoho. Ni kaɗai nake ɗauke da ƙungiyar nan."

"Haka ne. Kai ne doki, kai ne keken. Me za ka ce wa Mis Odom gobe?"

"Lafiyata lau."

"Da tabarau ko babu?"

"Coker ce fa. Kuma Koci ya ce wani mutum zai zo daga jami'a ya kalle ni. In na zauna, wa zai riƙe ƙwallo? Mai ganga? Kashe shi za su yi. Yaran nan ni suke kallo. Kana so a ce jikan Mai Gaisuwa ma ya ɗaga hannu a wasan Coker? Sai mu bar garin."

"Ni ban bar shi ba. Na zauna na yi ƙiba."

"Kai ba ka da kunya ne."

"Na sayar da ita na sayi akori-kurar da kake yawo da 'yan mata."

Lilon kujerar ya tsaya. Cleophus ya jefa alewar a baki, ya tura ta kumatu.

"Ka san Purvis Gaines?"

"Wanda hotonsa ke bangon makaranta. Ba naka ba."

"Shi. Tare muka buga. Purvis bai taɓa ɗaga hannu ba ko sau ɗaya. Ƙwallo na saukowa, ƙattai na tahowa, shi sai ya sunkuyar da kai ya shige su. A kwantar da shi, a shaƙa masa wani abu a hanci, ya tashi ya koma. Garin nan har tituna suka so sa wa sunansa. Duk Lahadi bayan coci ina zuwa wajensa a gidan tsofaffi. 'Yarsa ta zo, ya tambaye ta ko ita ce sabuwar mai shara."

"Kai fa, yana gane ka?"

"Ina shiga ɗakin sai ya yi haka." Cleophus ya ɗaga hannu sama ya kaɗa. "Ɗan banza. Ya manta 'ya'yansa, ya manta sunansa, wannan kaɗai ya ajiye."

Dariya ta ƙwace wa Dontrell, ta ƙwace min. Sai yaron ya dafe goshi da hannu biyu, ya jira ta lafa.

"Ka gani ko," in ji Cleophus a hankali. "Dariya ma ta fi ƙarfinka, balle ƙattan Coker. Ni ban san wanda ya ƙirƙiro dokar nan ba, amma yana da ɗa. Wasa ne da kowa ke neman ya tattake ka, sai aka bar ƙofa ɗaya: ka ɗaga hannu a ƙyale ka. Ƙwallon ma ba a ƙwace maka. Naku ne, daga inda ka tsaya ake ci gaba."

"Ni ban taɓa yi ba."

"Na sani. Ina kallo. Duk sanda aka daka ƙwallo sama nakan rufe ido, in ce wa Wendell ya gaya min."

"Ashe barci kake cewa kana yi."

"Rabi barci ne. Wasanku ya fi wa'azin Fasto sa gyangyaɗi."

"Za a ci mu fa."

"Da kai ma ana cin ku. Bambancin kawai maki ne. Mutumin jami'a kuma, in yana son ka, ya san hanyar garin nan. In kanka ne ya fashe, ko hanyar kanti ba za ka sani ba. Ni kuma ba ni da ƙarfin ziyartar mutum biyu ranar Lahadi. Gwiwoyina sun fi na Marquell lalacewa."

"Wato don kanka kake yi."

"To don wa? Wa zai sayo min garin masara? Wendell rowa gare shi."

Dontrell ya cire tabarau. Idanunsa sun yi ja, yana ƙifta su ko da hasken yamma ya yi laushi. Ya kalli kakansa, ya kalli kifin da ke jiran gari, sannan ya ɗaga hannun dama sama da kansa, ya kaɗa shi sau ɗaya, kamar mai korar ƙuda.

"Shi ke nan, Tsoho, ka ci. Zan gaya mata."

"Ba haka ake yi ba. Ka miƙe gwiwar hannu, alƙali ya gani daga nesa. Komai sai an koya muku."

"Ai wajen gwani na zo."

Cleophus ya jefa masa ƙunshin alewar, ya cafke da hannu ɗaya.

"Riƙe. Kai ta aika, kai za ka sha. Makullin mota kuma ba Wendell, shi zai koma kanti. Kai ba za ka sake tuƙi ba sai Mis Odom ta ce."

Na share hannu na karɓi makulli. Ina sauka matakala na ji Dontrell, da alewa a baki, yana cewa, "Amma tsakani da Allah, Tsoho, ni ciwo ne ya sa ni. Kai lafiyarka lau ka ɗaga hannu, ka zubar da kofin gari guda saboda gaisuwa. Ba ka taɓa jin haushin kanka ba?"

Cleophus ya koma lilo.

"Cin da na yi alƙali ya soke shi," ya ce. "Amma mai rigar ruwan ɗorawa, Vernell ɗin nan, ta ɗago min nata hannun, ta kaɗa. Wannan babu wanda ya busa masa usur."