Ranar da Na Yi Shelar Mutuwar Motar Wata

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ina sabon malami a wata makaranta a Wudil, shekarun nan da kuɗin fetur suka sa kowa ya sayi rediyo. A rediyon ne Malam Sabo, malaminmu na kimiyya, ya ji wai Rashawa sun sauke mota a duniyar wata, suna tuƙa ta daga ƙasa. Sai ya ƙera tamu da gwangwanaye da doguwar waya, don a nuna wa iyayen yara ranar taro.

Shi zai tuƙa daga bakin tagar aji. Ni kuwa ya zaunar da ni a lungu, ga batirin mota na aro, ga mita mai allura.

"Malam, allurar nan kawai za ka kalla," in ji shi. "In ta sauka, ka raɗa mini."

(Ku lura, raɗa ya ce.)

Cikin baƙin har da Alhaji Garba na Utai, wanda nake neman 'yarsa, kuma na riga na sa an gaya masa cewa wutar motar duk a hannuna take. Mota ta tashi, na ji tafi daga waje. Ni dai idona na kan allura, gumi na zuba, gwiwata na rawa. Na leƙa ruwan batir, na taɓa kawunansa, na sake taɓawa.

Sai allura ta faɗi warwas.

Ban raɗa ba. Ban ma tuna da wani Malam Sabo ba. Na fita a guje har tsakiyar fili, na ɗaga hannu biyu na ce, "Jama'a, a yi haƙuri. Batir ya ƙare, motar ta mutu."

Can sai na ji wani abu yana zungurar diddigena. Motar ce, lafiyarta ƙalau, tana neman hanya. Ashe gwiwata ce ta fizge wayar mita.

Alhaji Garba ya gyara zaman hularsa, ya ce a hankali, "Malam, ɗan matsa mana, marigayiyar za ta wuce."

Auren dai an yi. Amma har Alhaji ya bar duniya, in na durƙusa gaishe shi, bayan iyali sai ya tambayi lafiyar batir. Tun daga ranar, ba na sanar da mutuwar komai sai na ga gawar da idona.