Alfadari Ya Sha Ruwa a Mashigi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin nauyi wanda za a zo kansa a ƙasa, Idon Hanya, jagoran baƙi masu yawon buɗe ido a kan babura, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babur ɗinsa, abokin tafiyarsa kuma rufin asirinsa, wanda kowa ya sani da Alfadari. Rai ya yi halinsa ne wata Laraba da hantsi, yau mako bakwai ke nan, a tsakiyar mashigin kogin da ke gaban ƙauyen ƙarshe na kan duwatsu. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a hannun mai shi, ban da waɗanda ya yi a hannun wani malamin asibiti da ya fara hawansa. Masu cewa sanarwar ta makara sun yi gaskiya. Mai sanarwa ya ɗauki biro ya ajiye ya fi sau goma.

Duk wanda ya taɓa bin ayarin ya san marigayin. Ja ne a ƙuruciyarsa, rana da laka suka mai da shi kalar ƙasa. Madubinsa na hagu a ɗaure yake da waya, sit ɗinsa ya sha faci har ba a san asalin fatar ba. Babura takwas na kamfani, sababbi fil, su ke ɗaukar baƙi, amma a bayansa suke tafiya, domin shi ya san inda ramin yake da inda dutse ke zamewa. Bai taɓa tashi da bugu ɗaya ba. Sai ya yi tari sau uku, kaf, kaf, kaf, sannan ya ce durrr, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya yi magana a taro. Amma in ya tashi ya tashi ke nan, ba ya sake neman lallashi sai an iso masauki.

Hanyar ayarin ta ratsa ƙauyuka bakwai na ƙananan ƙabilu, kowanne da yarensa, wani ma ba ya jin na maƙwabcinsa. Dukansu suna jin yaren Alfadari. Tun yana gindin tudu mata masu saƙa suke gane ƙarar salansarsa, su fito da kayansu su shimfiɗa kafin baƙi su iso. Bayan jakunkunan baƙi, marigayin ya ɗauki maganin tsofaffi, ya ɗauki wasiƙu, ya ɗauki batirin rediyo, ya taɓa ɗaukar akuya da 'ya'yanta biyu bai yi ƙorafi ba. An sha ba shi man kwalba mai gauraye ya haɗiye, an sha jinkirta masa baƙin mai ya yi haƙuri. Idan akwai aibu a tare da shi, to fitilarsa ce da ke kallon sama maimakon hanya, wannan kuwa laifin mai shi ne.

Abu ɗaya ne marigayin bai iya ba, shi ne iyo, kuma ba a taɓa neman ya iya ba. Ƙauyen ƙarshe yana hayin kogi, babu gada. Mutanen wurin suna da aikinsu na gado: in ayari ya iso bakin ruwa a kashe injuna, su zura sandunan gora biyu a ƙarƙashin babur, maza huɗu su saɓa a kafaɗa su ƙetare da shi, ruwa iya ƙirjinsu. Shugabansu wani dattijo ne gajere mai furfura, ana ce masa Baban Mashigi. Shi ke gaba da doguwar sanda yana taɓa ƙasan ruwa. Da wannan ɗauka, da abin da baƙi ke saya in sun haura, ƙauyen ke rufa wa kansa asiri. Shekara goma sha ɗaya suna ɗaukar Alfadari kamar ango, ko tayarsa ba su taɓa jiƙawa ba.

A nan ya kamata a rubuta cewa marigayin ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Ba haka aka yi ba. Lafiyarsa ƙalau ya kwana, lafiyarsa ƙalau ya tashi, tarinsa uku daidai.

A cikin baƙin wannan tafiya akwai wani dogo da ya ɗaura kyamara a hular kwanonsa. Tun daga ƙauyen farko yake zuga jagora, yana cewa bai taɓa ganin mai tuƙi irinsa ba. Da aka iso bakin kogi ya ga ana shirya sanduna, sai ya ce ai wannan ba abin ɗauka a hoto ba ne, shi so yake ya ga gwani ya keta ruwan a guje, duniya ta gani. Idon Hanya, mutum mai shekara arba'in da shida, mai 'ya'ya huɗu, ya ji kansa ya kumbura. An yi ruwa a kan duwatsu daren da ya gabata, kogin ya yi ja. Baban Mashigi ya tsoma sandarsa ya fito da ita, ya nuna masa inda ta jiƙe, ya ce da 'yar Hausarsa: "Ɗana, yau ruwa da fushi. Bari mu ɗauka." Ya ma kama kan babur ɗin da hannu biyu. Mai sanarwa ya cire hannun dattijon da nasa hannun, ya yi murmushi ga kyamara, ya sa giya.

Alfadari bai so ba. Ya yi turjiya a bakin ruwa, mai shi ya ƙara masa wuta. Ya shiga, domin bai taɓa ƙin umarni ba. Ya yi ta maza har tsakiya, ruwa ya rufe salansa, muryarsa ta koma bul, bul, bul. Sai ya yi wani ƙas sau ɗaya, ƙarar da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya yi shiru. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ruwa ya kwashe su biyun, ya buga gwiwar mai shi a dutse. Mazan nan huɗu da aka hana aikinsu su suka faɗa ruwa, biyu suka cafko mutum, biyu suka riƙe babur har aka kawo igiya. Baban Mashigi da kansa ya ɗaure gwiwar da ƙyallen kansa.

Da a nan abin ya tsaya, da an ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Amma mai sanarwa ya roƙi baƙon ya goge hoton, ya goge. Sauran baƙi suka koma garuruwansu. Da ya dawo ofis yana ɗingishi, Hajiya mai kamfani ta zaunar da shi, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambaye shi yadda aka yi. Ya dubi taswirar da ke jikin bango ya ce masu ɗauka ne suka yi sakaci, sanda ta kuɓuce musu, shi kuma ya faɗa ruwa garin ceton babur. Hajiya ta yi salati ta ce, "Yau naka ne, gobe na baƙo. Allah ya kiyaye." Ta ɗauki jan biro ta soke ƙauyen daga hanya. A gida ma haka ya faɗa. Maiɗakinsa ta yi ta gasa masa gwiwa tana Allah ya isa ga mutanen da ba ta taɓa gani ba, shi kuwa yana kwance yana amsa sannu.

Tun daga ranar ayari uku sun fita. Duk sun juya a ƙauye na shida. Mai sanarwa ne ya ja su, a kan sabon babur mai tashi da bugu ɗaya, kuma duk lokacin da ya juya sai ya hango hayaƙin ƙauyen ƙarshe a hayi ya kau da kai.

Makon jiya ya tura bakanikensa, Sifana, wanda ya yi jinyar marigayin tun zuwansa, ya je ya duba ko akwai sauran numfashi. Sifana ya kwana biyu ya dawo, ya ja shi bayan gareji inda ba kowa, ya fito da sandar fistin ta cikin injin daga aljihu a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce, "Maigida, ni da kai ba ma haka. Injin da aka kashe ko ya kwana a ruwa ba ya yin wannan. Da ransa ya shiga." Sannan ya ba da labarin abin da ya tarar. Mutanen sun yi wa Alfadari rumfa a kan tudu, sun ɗora shi a kan duwatsu don kada taya ta taɓa laima, sun rufe shi da tabarma sabuwa. Sun wanke masa laka, sun shafa wa sarƙarsa mai. Ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. Baban Mashigi ya naɗo makullin a ƙyalle ya ba da saƙo biyu: yana tambayar gwiwar ɗansa, wato mai sanarwa, kuma yana tambaya, tunda baƙi sun daina zuwa, ko sun yi wani laifi ne ba su sani ba, a faɗa musu su gyara.

Mai sanarwa bai ci abinci ba ranar. Kunya ce ta hana shi, kuma ita ce ta sa shi wannan rubutu. Don haka yana shaida wa kowa, musamman Hajiya da za ta ga takardar nan a kan teburinta da safe: masu ɗauka ba su saki sanda ba, ba a ma bar su sun zura ta ba. Shi ya kashe babur ɗinsa don a yaba masa, shi kuma ya ɗora gawar a kan waɗanda suka cece shi. Ya san abin da Hajiya ke yi wa direban da ya yi wasa da ruwa a gaban baƙi, balle wanda ya yi mata ƙarya ido cikin ido. In jan biron zai sake aiki, yana roƙon ya hau kan sunansa, a mai da ƙauyen kan taswira.

Marigayin ya rasu ya bar hulunan kwano biyu, ɗaya ba igiya. Ya bar famfo, da fulogi uku a cikin safa, da ƙanne takwas a garejin kamfani waɗanda har yau ba su san hanya ba. Ya bar Sifana, wanda ya ce ba zai karɓi ko sisi na tafiyar ba. Ya bar yara huɗu da ya kai makaranta a jere, da uwarsu, wadda ta ji gaskiya jiya bayan azahar, ta ajiye tsumman gashin gwiwar a gefen gado, har yanzu ba ta ɗauka ba. Ya bar ƙauyuka bakwai da ke kasa kunne. An tambayi liman ko ana yi wa ƙarfe addu'a, ya ce a'a, amma mai ƙarfen yana da buƙata sosai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin mashigin. Za a kashe duk injuna tun daga nesa. Za a sauko da marigayin daga rumfarsa a ƙetaro da shi a kan gora, yadda ya kamata a yi tun farko, in masu ɗauka sun yarda. Uku daga cikinsu za su kama, na huɗu mai sanarwa ne, kuma ya nemi a ba shi ɓangaren inji. Daga nan Sifana zai raba abin da ya rage: fitila ga ungozomar ƙauyen, sit ga Baban Mashigi ya riƙa zama a bakin ruwa. An tanadi wuri a mota don Hajiya, in ta ga dama. Ba a karɓar gaisuwa a gida, mai gidan bai cancanta ba.

Roƙo ɗaya ya rage. Kafin a ɗaga gawar, mai sanarwa zai tsaya a gaban mutanen ya yi magana da bakinsa, ba ta bakin tafinta ba. Shekara goma sha ɗaya yana shiga garinsu, abin da ya iya a yarensu uku ne: sannu, nawa ne, da ku matso a ɗauki hoto. Duk wanda ya san yadda ake cewa "na yi muku ƙarya, ku yafe mini" a harshen mutanen hayi, don Allah ya same shi a garejin Sifana kafin ranar Juma'a.